Fim Ɗin da Babu Fuska

Na gama zangon farko a makarantar koyon shirya fim a Jos, na dawo Argungu hutu. Saura zango ɗaya in karɓi shaida, amma sai an sake biyan kuɗin makaranta, kuma Baba ba shi da abin sayarwa sai albasar da ya jibge a rudu, rumbun ajiyar albasa, yana jiran ta yi tsada. Idan ya buɗe rudun yanzu, zai sayar da ita a wulaƙance.

Ƙanensa, Kawu Tamba, shi ne ya fi kowa adawa.

"Digirin da anka yi bai isa ba?" in ji shi. "Ga Rotimi mai bidiyo can Nasarawa, wace makaranta yat tahi? Kuma kowane biki shi a ka kira."

Ni kuwa ban iya gardama ba tun ina ƙarama. Washegari na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na nemi shagon Rotimin a unguwar Nasarawa.

Na same shi ya haɗa kai da gwiwa. Wata ƙungiyar manoma ta ba shi aikin ɗaukar matan da ke turara shinkafa a unguwarmu, ya tura ma'aikatansa, matan sun kore su.

"Sun ce mazansu ba su yarda a ga fuskarsu a waya ba," ya ce da Hausarsa mai santsi. "To me zan ɗauka, tukunya?"

"Ba ni kyamara," na ce.

"Ke ɗiyar Malam Riskuwa? Kin iya riƙe ta ma?"

"Na iya."

A tsakar gidanmu matan suke taruwa, Inna ce shugabarsu. Na yi musu alkawarin ba za a ga fuskar kowa ba. Gwaggo Laure ta ce in dai haka ne, in ɗauki ƙafarta da kyau, don jiya ta sha lalle.

Na yi kusan mako ina durƙushe a bakin murhu. A makaranta wani malami ya taɓa hana mu ɗaukar fuska wata guda cur, ya ce mu koyi ba da labari da abin da ya rage. A lokacin haushi na ji. Yanzu sai ga ni ina bin hannu yana tsamo shinkafa daga ruwa, tururi yana fasowa ta gefen buhun da aka rufe tukunya da shi, yatsun ƙafa suna baza shinkafar a kan tabarma. Na ajiye abin ɗaukar murya kusa da turmi, na bar su suna hirarsu. Da suka manta da ni, aikin ya fara kyau.

Rotimi ya kalla a shagonsa, ya jinjina kai, ya ce ƙungiyar za ta karɓa. Amma ba shi nake son ya gani ba.

Bayan la'asar na kai kwamfuta zaure. Baba yana kan buzunsa, Kawu Tamba ya jingina da bango yana yankan farce da reza. Na kunna, na koma gefe.

Ba a jima ba Kawu ya fashe da dariya.

"Yaya, dubi abin da kuɗɗinka sunka saya! Duk ta yanke musu kai. Hanifa, can makarantar ba a kai ga darasin kai ba tukuna? Ko shi na a zango na biyu?"

Baba ya matso da fuskarsa, ya karkata allon sama kamar kawunan suna ɓoye a can. Sannan ya dube ni, na ga da gaske ya damu.

"Kyamarar ta yi miki nauyi ne?"

Kunya ta rufe ni. Na so in ɗauke kwamfutar in shige ciki, amma na dafe gwiwata na zauna.

"Baba, a bari ya ƙare."

Suka bari. Aka ji muryar Gwaggo Laure tana ba da labarin shekarar da ruwa ya cinye fadama, suka turara shinkafar aro. Aka nuna wani hannu mai tabon ƙuna yana gwada ƙwayar shinkafa tsakanin yatsu biyu, ya matse, ya jefar, ya ƙara itace. Kawu ya daina yankan farcen.

"To, ya yi daɗin kallo," in ji Kawu, "amma huska hwa?"

Daga bayan labulen ƙofar shiga gida aka yi gyaran murya. Inna ce. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa sa baki a maganata gaban mutane.

"Malam, mu munka ce kada a ga huskarmu," ta ce. "Waccan ta riƙe muna amana."

Ta saki labulen ta koma.

"Amana a gida anka koya mata," in ji Kawu. "Ba sai an biya ba."

"Haka ne, Kawu," na ce, ina kallon tabarma. "Abin da na koyo a can shi ne yadda za ka zauna ka kalle shi har ƙarshe alhali babu fuska ko ɗaya. Haɗa sauti kuma ban gama koya ba, shi ya sa wurin dakan ya yi ƙara. Ina son in koma. In ba a samu bana ba, zan yi wa Rotimi aiki in tara, in koma baɗi."

Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a zauren ba. Baba ya daɗe yana shafa gemunsa.

"Tamba, gobe ka nemo mai mota. Rabin rudun za mu buɗe."

"Yaya, a wanga farashi?"

"A wanga farashi." Ya turo mini kwamfutar. "Mayar da shi wurin hannun nan mai tabo. Ban san ƙunar innarki ta kai haka ba."