Tsingaron Randar Inna

Randa ɗaya nake bin Malama Lilian. Kuɗin haya kam ba ta taɓa bari wata ya mutu a kanta ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Amma randar Innata, wadda aka kawo ni da ita gidan nan na Ƙofar Wambai ina amarya, a hannunta ta fashe.

Ni Saudatu ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Hanyata ɗaya ce: ka fasa min abu, na tsince gutsuren na ɗaure a tsumma na tura ƙarƙashin gado. Ranar da ka biya na miƙa maka abinka, mu rabu lafiya. Mutane suna ta dariya, amma har yau ban ga wanda ya iya musu ba idan na kwance masa tsumma.

Ita Lilian 'yar Bogoro ce, tana koyar da zane a makarantar 'yan mata, tana haya a ɗakin da ke kusa da zaurena. Yarinyar nan ba ta san hutu ba. Ta dawo daga aiki, maimakon ta miƙe ƙafa, sai ta baza takardu da gwangwanayen fenti. Ta zana masu keke napep a kasuwar Wunti, ta zana mai wankin hula, ta zana har igiyar shanyata. Ranar Asabar kuma yumɓu, hannu dumu-dumu, tana gina kaskon turare da 'yan tuluna, ta jera a bakin taga ba ta sayarwa.

Wata safiya ta leƙo ɗakina.

"Mama, ki ara min randarki. Zana ta zan yi."

"Ki zana ta a inda take."

"Duhu ya yi yawa. Waje nake so, inda rana za ta taɓa cikinta."

Na yarda, ban san me ya hau kaina ba. Aka kwashe ruwa, ta rungume ta ta kai tsakar gida ta ɗora a kan gammo. Kullum da yamma tana gabanta da allon zane. Ranar da ta gama, ta shiga wanke hannu, akuya ta zo ta soshe jikinta da randar.

Ƙarar har yanzu tana kunnena.

"Mama, akuyarki ce fa," in ji Lilian, idonta ya kawo ruwa.

"Akuyata ce ta fito da ita daga ɗaki?"

"A'a."

"To."

Na durƙusa na tsince tsingaron kaf, har 'yan ƙanana da suka shige yashi, na ɗaure. Ɗana Sabitu ya ce zai sayo min sabuwa a kasuwa, ko ma ya kawo firij. Na ce ba shi nake bi ba.

Lilian ta ce da hannunta za ta gina min. Ta fari ta tsage a wuta daga baki har gindi, don ba ta saba da babban abu ba. Ta biyu ta fito lafiya, ja jawur, ta kawo ta a keke tana murmushi. Na zagaya ta, na ƙwanƙwasa.

"Wuyan ya yi gajere. Ta Inna doguwar wuya ce."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko zanen nan ta jingine kusa da randar. Na duba nan, na duba can. Wuya ɗaya ne. Shekara da shekaru ina zura moɗa a bakin randar nan, ashe ban taɓa tsayawa na kalle ta ba. Har wasu layuka uku da Inna ta ja da tsinke a ƙarƙashin baki, ga su a zanen, ga su a sabuwar. Ni na ma manta da su.

Abin ya ba ni haushi.

"Ko ma dai yaya ne, baƙuwa ce. Ba zan sha ruwanta ba."

"Mama, ke fa rigima gare ki."

"Rigimar ce ta sa har yau gidan nan yake hannuna."

Ta kai randar coci ta ba su. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sai ga labari wai ta samu ƙarin karatu a Zariya, da an rufe makaranta za ta tafi. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma na ji ta sha faɗa cewa in ruwa ya sauka babban ginin yumɓu ba ya bushewa. Daga ranar zama ya gagare ni. Na fita zaure, na dawo. Na ɗora tukunya na manta gishiri. Ramin da randar take zama a kusurwar ɗakina yana nan da yashinsa, kullum sai na yi tuntuɓe da bakinsa. Ruwan bokitin roba kuwa, kamar an jiƙa takalmi a ciki.

Da la'asar na same ta tana naɗe takardu.

"Malama, tafiya za ki yi da randata a wuyanki?"

"Na kawo kin ƙi."

"Ba ita ba ce."

Ta ajiye takardun ta zauna a dokin ƙofa.

"To ki ba ni ƙunshin nan na ƙarƙashin gado."

"Ki yi me da shi?"

"Daka shi za a yi. Kakata a Bogoro magina ce. Dama sai an daka tsingaro an cuɗa a yumɓu, shi ke hana tukunya tsagewa a wuta. Wancan karon na tsofaffin tukwanen wasu na sa. Amma Kaka, in tukunyar gida ta fashe, nata tsingaron take sawa a wadda za ta maye gurbinta. Sai tsohuwar ta koma cikin sabuwar."

"In kuma ta tsage kamar ta fari?"

"Shi ke nan."

"Shi ke nan me? Ba randa, ba tsingaro, ke kina Zariya?"

"E, Mama. Ba zan yi miki ƙarya ba, wuta ba ta da alkawari. Kuma toyi ɗaya ya rage min."

Ka ji fa. Ni da ban taɓa sakin shaida kafin biya ba, ko ga ƙanin mijina, wai na ɗauko da hannuna a mayar da ita gari. Na koma ɗaki na jawo ƙunshin, na mayar. Na sake jawowa. Na kwance na jera su a tabarma, ina haɗa wannan da wancan kamar za su kama. Ba su kama ba. Na shinshina wani, har yanzu da ɗan ƙanshin ƙasa.

Washegari na fito da tsohon turmin da muka daina amfani da shi.

"Ni zan daka," na ce.

Na zuba, na ɗaga taɓarya. Bugun fari sai da na runtse ido. Lilian tana tsugune tana tankaɗewa, can ta ɗago.

"Mama, ina na bakin? Mai layukan nan?"

"Wane?"

"Wanda kika soke a zaninki."

"Ke dai yi aikinki. Ko mai sayar da goro yana barin ɗaya a ƙasan kwando."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ta cuɗa garin a yumɓu da ƙafa, ta murza shi dogo-dogo tana ɗorawa zagaye bayan zagaye, tana shafewa da ɓawon ƙwarya. Da ta zo baki sai ta miƙo min tsinke. Na ja layukan uku, na tsakiyar ya karkace. Ta ce a bar shi haka.

Sai jiran bushewa a inuwar zaure. Na ɗaure akuya a bayan gida. Duk wanda zai shigo sai na yi masa tsawa ya bi ta gefe. In iska ta taso na fito da gudu da buhu, in ta lafa na cire don kada ta yi gumi. Sabitu ya ce ko jikokina ban yi wa wannan reno ba.

Ana gobe za ta tafi aka yi toyin, a wani fili bayan makarantarsu. Na hau keke na bi su. Aka kifa randar, aka lulluɓe da itace da kara da busasshiyar ciyawa, aka kunna. Wuta ta tashi. Can sai na ji tas! daga ciki. Na kama hannun Lilian.

"Kara ne, Mama."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba."

Muka tsaya har toka ta huce. Ta sa dogon sanda ta ture. Ga ta nan, ja, da baƙin tabo a gefe inda wuta ta lasa. Ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta amsa garau.

Da safe kayanta suna cikin mota ta zo ta durƙusa.

"Mama, na biya?"

"Sai na sha. Sabuwar randa sai an cika an zubar, an cika an zubar, warin wuta ya fita."

"Kai, Mama!"

"Allah ya kiyaye hanya. Ki gaida mutanen Zariya."

Na yi ta cikawa ina zubarwa a gindin zogale. Ranar Juma'a da rana tsaka, zafi kamar ya kashe mutum, na ga jikinta ya yi raɓa, yashin ramin ya jiƙe. Na zura moɗa. Na sha, na tsaya, na ƙara.

Na kwance bakin zanina na ciro tsingaron nan mai layuka, na ɗaure a sabon tsumma, na kira Sabitu.

"Kai wannan tasha, ka ba direban Zariya. Ka kira Malama ta je ta karɓa."

Ya taɓa ƙunshin. "Inna, fasasshiyar tukunya zan biya wa kuɗin mota?"

"Nata ne. Ta biya."