Kiɗan Mutum Uku a Falon Solomon

Ko da Solomon ya yi ritaya daga badujalar soja ya dawo gida Zuru, bai daina busa kilarinet ɗinsa ba, wata baƙar sarewa mai maɓallai farare. Wata rana yana latse-latsen waya ya ci karo da kiɗan wani Bature da ya daɗe da rasuwa, wanda ko a ƙasarsu an manta da shi. Kiɗa ne na mutum uku, an tsara shi don a yi a ɗaki, ba ganga ba waƙa. Solomon ya ji tausayin mutumin kamar ɗan garinsu ne, ya ƙudurta sai an ji kiɗansa a Zuru.

Mai fiyano ba ta yi wuyar samu ba, don Hannah ƙanwar matarsa ce ke kaɗawa a coci. Na ukun kuwa wani ƙaton gogen Turawa ne da ake tokarewa a ƙasa, kuma duk garin babu mai shi. Solomon ya hau babur har Manga ya ɗauko Dawuda mai goge.

Dawuda ya saurari kiɗan a waya, ya gyaɗa kai.

"Soja, wannan bawan Allah mace ce ta gudu ta bar shi."

Suka fara gwaji a falo. Matarsa Margaret ta yi ta mita, wai mutumin da danginsa suka manta da shi ne zai hana ta kallon talabijin. Dawuda kuma ba ya iya jan goge bai ƙara nasa gishirin ba.

"Ba haka ya rubuta ba," in ji Solomon.

"To ya zo ya faɗa da bakinsa."

Wata Lahadi da yamma suka gayyato maƙwabta. Solomon ya gargaɗe su cewa wannan kiɗan zama ne, ba a rawa. Ana shiga ɓangare mai sauri Mama Leah, tsohuwar da ke gidan gabas, ta miƙe ta gyara ɗaurin zani ta shiga takawa. Solomon ya harare ta da kilarinet a baki, ko a jikinta. Da aka zo inda kiɗan ya yi sanyi, goge na kuka a hankali, ita da kanta ta nemi wuri ta zauna. Falon ya yi tsit. Solomon ya shagala da sauraro, har ya kusa manta inda zai shigo.

Da aka gama Mama Leah ta tambaya ko marigayin ya bar jikoki, a aika musu da gaisuwa. Solomon ya shiga waya ya duba. Bai sami jikoki ba, sai dai ya tarar mutumin ya bar wani kiɗan na mutum biyar.

"Akwai ɗan yayana a Dirin Daji, yana kaɗa garaya," in ji Dawuda.

"Garaya ba ta shiga nan," in ji Solomon. Amma daga baya ya ce a ba shi lambar wayar yaron.