Ranar Ruwan Lauwali

Shekara ashirin ina koyar da kwamfuta a Wurno, kuma ban taɓa yarda akwai wanda ya fi ni saninta daga Achida har Goronyo ba. Don haka da ƙungiyar manoman albasa tan nemi shafin intanet da zai gaya wa kowa ranar da ruwan madatsa zai shiga gonarsa, na ɗauka aikin nawa ne tun ba a ba ni ba.

Sai ga Sa'adiya, ɗiyar ƙanwata mai aiki a Rabah, da nata tsarin. Abu guda dunƙulalle irin na da: babbar kwamfuta ta haɗa shafi ta aiko, kowa ya ga sunan kowa da ranarsa. Ba lambar sirri, ba komi. Nic ce mata wanga allon sanarwa ne, kada ta kira shi manhaja gaban mutane.

Nawa kuwa kashi bakwai na raba shi, kowane da aikinsa, irin na manyan kamfanoni. Manhaja ta zauna cikin waya, ta gane mai ita sau guda, ba ta ƙara tambaya. Baba Halliru, shugaban ƙungiya, bai fahimci ko kalma ɗaya ba, saboda haka yaz zaɓi nawa.

"Kawu, waya nawa ce a hannun manoman ƙauyen Shinaka?" Sa'adiya ta tambaye ni.

Nic ce ba ƙidayar wayoyi anka ɗauke ni ba.

Ashe guda ce, ta Lauwali mai shago. Mutum goma sha biyu sunka bi layi sunka duba, kowa manhaja ta nuna mashi ranar Lauwali, wato Talata. Ran Talata kuwa duk sunka hallara bakin kwalbati da fartanyoyi, kowa na rantsuwa da idonsa ya gani. Sauran kwanakin ruwa ya zo bai iske kowa ba. Albasar mutum uku ta kwanta.

A taron da anka kira, na tashi na yi bayani mai kyau. Nic ce tsari ba ya da laifi, an gina shi ne a kan mutum guda, waya guda, kamar yadda duniya ke yi.

"To Malam Faruk," in ji Baba Halliru, "mi za mu canza, abin naka ko mutanen Shinaka?"

Ina da amsa, amma na ga fartanyoyin har yanzu suna hannu.

Sa'adiya ta karɓi wayar Lauwali ta buɗe nata shafin. Sunaye goma sha biyu, kowa da ranarsa da lokacinsa. Wani yac ce a buga shi a takarda a manna a bangon shago, ya fi sauƙi.

Ba su kore ni ba dai. Makarantarmu ce ke da injin buga takarda, don haka kowace Juma'a ni ke buga allon sanarwar in ba ɗan acaɓa ya kai Shinaka. Takardar kan fita tsaf, ba a taɓa kuka da aikina ba.