Ƙarfen Da Ba Ya Ja

Duk Jega Firchin babu wanda bai san Maccido mai walda ba, shi ma kuma ya san an san shi, shi ya sa ba ya jin maganar kowa a kan ƙarfe. Tun yana saurayi yake ɗinke bodin motocin albasa, ga takardar shaidar gwajin da ya ci yana ji da ita kamar ɗiyar fari.

Da ƙungiyar manoman Danwarai da ke ƙasar Aliero ta sayo bututan ban-ruwa na alminiyon, Maccido bai jira kira ba, ya hau babur sai Aliero. Injiniyan aikin, wani mai sanyin murya da ake kira Kalilu, ya duba takardar, ya mayar masa da hannu biyu.

"Baba, wagga shaida ta baƙin ƙarhe ta. An raba ƙarahuna gida-gida, kowane da lamba tai. Wanda yac ci gwaji ga gida na ɗaya, an yarda shi taɓa danginai da dama, har wanda bai tsatsa. Amma alminiyon gidansu daban na, lambobinsu sun hwara daga ashirin da ɗaya. In babu mai shaidatai nan, sai mu ɗauko wani daga Kaduna."

Baƙo daga Kaduna, a ƙasar Maccido! Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a sa masa ranar gwaji, ya karɓi aron injin waldar ƙungiya mai aiki da gas, ya koma shago yana huci.

Can ne alminiyon ya kunyata shi. Idonsa ya saba jiran ƙarfe ya yi ja kafin ya san zafi ya kai. Wannan kuwa ba ya ja. Yana nan fari fat kamar bai ji komai ba, sai kawai ya zube ya bar rami. Maccido ya ɓata guntaye har ya daina barin ƙofar shago a buɗe.

Daga ƙarshe ya haɗiye girman kai ya tafi Maiyama wajen Yaro, ƙanen matarsa, mai zuba tukwanen alminiyon, wanda ya daɗe yana yi wa kirari da sarkin narka gwangwani. Yaro ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ja shi bakin murhu.

"Yaya, bar jiran ja, ba ka ganinai. Kankare dattin bisa tukuna. In kag ga hwuskatai ta yi ƙyalli kamar ruwa cikin tasa, to tahi, kak ka tsaya."

Ranar gwaji manoma suka cika rumfa, wasu don ƙauna, wasu don kallo. Maccido ya haɗa guntayen alminiyon biyu, Kalilu ya yanko tsakiyar ɗinkin ya sa a injin matsi, aka lanƙwasa shi har ya koma kamar baka. Ya juya shi a hasken rana, ya shafa da yatsa. Ko tsaga ɗaya babu.

"Baba, ka ci. Yaushe za ka hwara muna aiki?"

Maccido ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tura hannuwansa cikin aljihu, ya rage murya yadda Kalilu kaɗai zai ji.

"Bari hannuna shi bar rawa tukuna, ɗana."