Jar Fitilar Auta

Tun daga bakin ƙofa uwar ta gane fitilar ta canza tafiya. Ɗan jan ƙwai ne a kan wani koren allo mai faɗin tafin hannu, a teburin Auta. Tun ranar da aka fita da gawar yarinyar yake ƙiftawa a natse, kamar mai barci. Yau sauri yake yi, yana tuntuɓe.

Ta jingine tsintsiya a bango.

Auta ce ta haɗa allon kafin ciwo ya kwantar da ita. Uwar ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta riƙe bayanin da 'yarta ta yi mata. Baƙin abin nan na tsakiya, mai girman farce, ƙwaƙwalwa ce. A kwamfuta ake rubuta mata umarni, a ɗura mata ta waya. In mutum ya sa yatsa a cikin matsewar da ke gefe, irin wadda ake matse kaya da ita a igiyar shanya, sai ƙwaƙwalwar ta auna tazarar da ke tsakanin bugun zuciya da mai bi masa, ta adana, ta riƙa maimaitawa da fitila. Yatsan Auta ne na ƙarshe da ya shiga. Shi ya sa ko ƙura uwar ba ta yarda wani ya goge a teburin ba.

Ta tarar da mijinta a falo, ya ƙura wa rediyo ido. Ta tambaye shi wa ya taɓa allon, bai yi musu ba. Ya ce jiya da ta fita, ƙanensa ya zo, yana cewa karatun yarinyar ya tafi a banza. Shi kuma zuciya ta ɗebe shi, ya ja shi ɗaki don ya ga aikin 'yarsa, ya sa nasa yatsan a matsewar don ya nuna masa. Ya ɗauka kamar hoto ne a waya, sabo ya shiga, tsoho na nan.

"Malam, da ranta ba ka taɓa tambayarta me take haɗawa ba. Kullum wayoyi sun cika maka gida. Sai da ta mutu za ka yi burga da ita?"

Ya buɗe baki, ta ce kada ya kuskura ya ce mata haƙuri. Haƙurin da aka yi ta loda mata ya ishe ta, har ba ta da wurin ajiyewa. Ta faɗa masa maganganun da ba ta taɓa faɗa ba tun aurensu, ya sunkuyar da kai yana murza yatsan.

Da rana Dogo ya zo, abokin aikin Auta. Ya jona allon da kwamfutarsa, ya daɗe yana bin layukan da marigayiyar ta rubuta. Sannan ya juyo. Ya ce ƙwaƙwalwar ƙarama ce, ba ta da wurin mutum biyu. Auta da kanta ta rubuta cewa in sabon yatsa ya shiga, ya hau kan na da. Babu inda za a tono.

"Amma Mama, zan iya sa ta ƙifta a hankali kamar da. Wallahi ba za ki bambance ba."

"Ni za ka yi wa ƙarya da fitila? Ni na ɗauki cikin zuciyar nan. Tattara komatsanka."

Dogo bai tashi ba. Lambobi ne suke gangarowa a fuskar kwamfutar, ya sa yatsa yana bin su, ya koma sama ya sake bi. Ya tambayi mijin ko yana jin jiri in ya miƙe, ko numfashi na yanke masa a matakala. Tsohon, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce tsufa ne kawai.

Dogo ya ce shi ba likita ba ne. Amma tazarar ba daidai take ba, wata gajera, wata doguwa, wani wurin ma bugun ya ɓace. Ya nuna wani layi, ya ce don kama irin wannan Auta ta rubuta shirin gaba ɗaya. In shi ne, ba zai bari a kwana ba a je asibiti ba.

"Ku ƙyale ni," in ji tsohon. "In tafiyar ce, ai na san wadda zan tarar."

Uwar ta dube shi, ta dubi fitilar. Fitilar ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsaya, har uwar ta ji nata numfashin ya tsaya, sannan ta ci gaba. Uwar ta kai hannu kan wayar wutar za ta fizge. Ta daɗe riƙe da ita, sai ta saki.

Ta fita, ta dawo da mayafi a kafaɗa da takalmansa a hannu. Ta watsa masa su a gaba, ɗaya ya kife.

"Ban yafe ba," ta ce. "Sa takalminka."