Kambin Baban Sito

Tun ranar da Mai Kwamfuta ya maƙala allon nan a bangon ofishin maɗaba'ar, Sakatariya ba ta sake shan shayinta da zafi ba. Allon yana nuna sunan kowa da yawan imel ɗin da ke jibge a akwatinsa. Ka amsa saƙo cikin awa ɗaya, maki biyar. Ka tashi aiki akwatinka fayau, ka samu tauraro. Taurari biyar a jere, sai a ɗora wa sunanka ɗan kambi.

Ita ce ta tara cikin mutum goma sha biyu. Wannan bai dame ta sosai ba, don duk saƙon da ya rasa mai shi wurinta yake faɗowa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne na ɗaya: Baban Sito, dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin takarda da tawada, wanda da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta yana leƙen haruffa ta saman tabarau. Sati uku ke nan kambin yana kansa.

"Goge saƙonnin yake yi bai karanta ba," in ji ƙanwarta da ta ba ta labari a waya.

"Da tuni an yi kuka da shi. Ai ba wanda ya taɓa neman takarda ya rasa."

Ta tambayi Mai Kwamfuta ko allon ne ya rikice. Ya duba, ya ce, "Anti, lafiyarsa ƙalau. Jiya saƙo huɗu ya shigo masa. Ke tamanin da shida."

Huɗu? Mutumin da kowa ke neman abu a hannunsa?

Ran Talata ta zo da wuri, ta ja kujera inda take hango baranda. Ƙarfe takwas saura sai ga Baban Sito da ɗan littafi a aljihun gaba. Ko kallon kwamfutarsa bai yi ba. Ya shiga ɗakin inji, ya tsaya kan mai bugu: "Baƙar tawada za ta kai ka Alhamis?" Ya rubuta. Ya wuce wurin mai ɗinkin littafi, ya taɓa kwalin gam ya ji nauyinsa, ya tambayi jikin mahaifiyarta. Sakatariya tana biye da shi da fayil a hannu, wai ita ma aiki ya kawo ta.

A bakin sito ya juyo. "'Yata, tun ɗazu kike bina. Lafiya?"

"Baba, gasar nan fa. Yaya kake cinye mu?"

"Wace gasa?"

Ta kai shi gaban allon, ta nuna masa. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Au, wannan 'yar hular tawa ce? Ni na ɗauka alamar na kusa ritaya ce." Ya yi dariya har da tari. "In na bari suka rubuto, sai na nemo tabarau, na nemo haruffa ɗaya bayan ɗaya. Gara in riga su."

Washegari ita ma ta ɗauki littafi ta zagaya. Mai zane ya riƙe ta minti ashirin yana nuna mata hotunan jaririnsa. Direba ya ce wata biyu yana son a sauya masa ranar hutu, amma bai iya rubuta imel ba, kunya ta hana shi faɗa. Manaja kuwa ya zaro ido, ya ɗauka ajiye aiki ta zo yi.

Sha ɗaya saura ta dawo teburinta, ta tarar da saƙo hamsin da biyu, yawancinsu daga waje, mutanen da ƙafa ba za ta kai ta wurinsu ba. Ranar nan sunanta ya sauko na goma a allon. Ta buɗe jadawalin hutu, ta mayar da hutun Direba ranar Asabar, sannan ta fara amsa saƙon da ke sama.