Doguwar Hanyar Tsohuwa

Gobarar daji ta cinye tsaunin a ƙarshen rani, ta bar shi tsirara. Kyaftin ne ya fara gani yana dawowa daga atisaye a jirgi. Da ya sauka bai ko tsaya shan ruwa ba, ya wuce ɗakin rediyo, inda Malama take zaune gaban taswira tana duba jarrabawar ɗalibanta.

"Tsaunin ya ƙone," ya ce. "Tun daga gindi har kai. Ko cokali aka yar a can za a gan shi."

Malama ta rufe biro. Ba ta tambayi wane tsauni ba.

Su uku ke jagorantar ƙungiyar, duk 'yan sa kai. Kyaftin ya yi ritaya daga tuƙin manyan jirage, yanzu shi ke tuƙa ƙaramin nasu mai farfela ɗaya, wanda kowa ke kira Tsohuwa. Bakanike yana da garejin motoci a bayan kasuwa, amma a jirage ya koyi sana'a, kuma Tsohuwa ba ta tashi sai ya yarda. Malama tana koyar da labarin ƙasa a sakandare. Ita ke zama da rediyo da taswira, ta yanka daji gida-gida, ta ce a bi nan, a bar can. In mutum ya ɓata inda mota ba ta shiga, su ake kira.

Ƙaninta, Auta, a tsaunin ya ɓata, tun kafin a kafa ƙungiyar. Yana kai magani wani asibitin ƙauye a ƙaramin jirgi, hadari ya rufe shi. An yi hayar wani jirgin ya nema na 'yan kwanaki, sannan ya koma inda ya fito. Kurmin wurin duhu ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, ko ƙyallin ƙarfe ba a gani ba.

Tun da suka sami Tsohuwa, in an gama aiki kuma da sauran mai, Kyaftin kan tambaya a rediyo, "Gida, gajeriya ko doguwa?" Gida shi ne sunan Malama a rediyo, doguwar hanya kuma ita ce ta kan tsaunin. Malama ta ce doguwa, 'yan leƙe, masu duba ƙasa daga jirgin, su manna goshi a taga, su ga kore shar, su dawo. Jirgin da ya fito daga tsaunin ta saman unguwar su Malama yake bi kafin ya sauka, don haka Mama, mahaifiyarta, wadda ƙafa ta hana ta fita, daga ƙarar kawai take sanin an je.

Da yamma suka zauna su uku a rumfar jirgi, kan kujerun roba, Tsohuwa na bayansu tana ɗigar da baƙin mai cikin tire.

"Me ya rage mata?" Malama ta tambayi Bakanike.

"'Yan awoyi. In ta cinye su zan sauke injin in tura shi babban gyara. Ba za ki sake jin muryarta ba sai bayan damina."

"Ba za ka ɗan kau da kai ba?" in ji Kyaftin. "Ni na san ta, garau take."

"Kai ma garau kake, ga ka nan kana zaune da mu. Da naka lokacin ya cika an kau da kai?"

Kyaftin ya yi dariya ya ce ya ji. Malama ta dubi sama ta ƙofar rumfar. Gabas ta fara tara gajimare. Ruwa biyu ko uku sun isa ciyawa ta tofo ta rufe tokar, kuma wuta irin wannan ba kowace shekara take zuwa ba.

"Asabar," in ji Bakanike, yana goge hannu da tsumma. "Abin da ya rage duka a zuba shi a tsaunin. Layi-layi, ƙasa-ƙasa, kamar yadda kike so. Ba leƙen wucewa ba."

"Sai kwamiti ya amince."

"Ga kwamitin nan zaune. Kyaftin, ka ƙi?"

"Ni wa?"

Malama ba ta faɗa wa Mama ba.

Ranar Alhamis da hantsi, tana tsakiyar aji, wayarta ta yi ƙara. Wani mai zuma ya shiga dajin kudu duba amyarsa, ya kwana biyu bai fito ba. An ga babur ɗinsa a jingine a gindin itace. Dajin kudu da tsaunin ba hanyarsu ɗaya ba. Malama ta ba ɗalibai aiki, ta ɗauki jakarta.

A filin jirgi ta tarar da yayan mai zumar, dogo, idanunsa jajir, ya riƙe ƙofar Tsohuwa.

"Ranki ya daɗe, ki ce su sa ni. Ni na raine shi. Ko daga sama zan gane shi."

"Shi ya sa ba za ka shiga ba. Za ka gane shi a kowane kututture. Ka ce ga shi can, a juya, a sauko, a tarar da suri. Ɗan'uwa ba ya zama a taga."

"Ke ba ki san yadda abin yake ba."

Bakanike ya ɗago kai daga ƙarƙashin fiffike zai yi magana. Ta girgiza masa kai.

"Zo ka zauna kusa da rediyo," ta ce wa yayan. "Duk abin da na ji za ka ji. Wace riga ya sa?"

Ita ta kafa dokar, kuma ba ta taɓa cire kanta ba. Ba ta taɓa ganin tsaunin daga sama ba.

Tsohuwa ta tashi. A tagar dama Tela ne, babban ɗan leƙensu, wanda ke cewa mai zura zare a allura tun yana yaro ba zai rasa mutum guda a fili ba. A tagar hagu wata malamar asibiti ce da ta fito daga aiki. Suka bi layukan da Malama ta zana, su miƙe, su juya, su dawo. Suka ga shanu da bukkar masu gawayi da wani farin buhu da ya ci musu lokaci. Ba su ga mai zuma ba. Juma'a ma haka. Duk saukar da Tsohuwa ta yi, Bakanike ya leƙa agogon da ke ƙirga awoyin injin, ya fito.

Asabar da safe Bakanike ya same ta a ɗakin rediyo.

"Tashi ɗaya ya rage. In an same shi da wuri, akwai abin da zai kai su tsaunin su yi 'yan layuka. In ba da wuri ba, shi ke nan."

Ta matsar da layukan zuwa yamma, wajen wani busasshen rafi, don mai ƙishirwa gangare yake bi. Masu bin ƙasa, 'yan ƙungiyar da ke nema a ƙafa, suka tafi da mota su jira a ƙarshen hanya.

Rana ba ta yi nisa ba rediyo ya yi ƙara.

"Gida, Tsohuwa ce." Muryar Kyaftin. "Tela ya ga mutum. Shuɗiyar riga, yana kaɗa ta."

Yayan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Malama ta karɓi lambobin wurin, ta ɗiga a taswira, ta kira masu bin ƙasa. Suka ce daga inda mota ta tsaya sai a ƙafa, cikin ƙaya da duwatsu, za su daɗe.

"Gida," in ji Kyaftin. "Mun jefa masa ruwa da takarda cewa ya zauna inda yake. An ba da wurinsa, mutanenmu na hanya. Da sauran lokaci. Gajeriya ko doguwa?"

Bakanike yana tsaye a bakin ƙofa da tsummansa. Ta taga ana ganin hadari ya haɗu a gabas, baƙi, bai riga ya motsa ba. Malama ta dubi kusurwar taswirar inda tsaunin yake. Takardar ta yi laushi a wurin, ta dushe saboda yawan taɓawa.

Ta danna maɓallin. "Ba ni Tela."

"Ga ni, Malama."

"Ya ɗauki ruwan?"

"Bai gan shi ba. Ya faɗa bayan wani dutse. Shi mu yake kallo."

"Kyaftin, ka ɗan buɗe da'irar, kamar za ka tafi. Tela, kada ka ɗauke ido daga kansa."

Ƙarar injin ta canza a rediyo. Suka jira.

"Ya miƙe," in ji Tela. "Yana ɗingishi. Malama, biyo mu yake. Ya yar da rigar ma. Can gaba akwai kwazazzabo, in ya shiga ciki ba zan ƙara ganinsa ba."

Ta san haka za a yi. Ita ke koya wa sababbin shiga: wanda ya ɓata in ya ga jirgi ya juya baya, bai san an gan shi ba. Tashi yake ya bi ƙarar da sauran ƙarfinsa, masu bin ƙasa su iso su tarar da wayam. Ta sha tunanin ko Auta ya ji jirgin hayar nan ranar da ya tafi.

"Ku koma kansa," ta ce. "Ku yi ta shawagi har mutanenmu su taɓa shi da hannu."

"Malama," in ji Kyaftin, "in na tsaya nan..."

"Na sani. Ku koma."

Bakanike ya juya ya fita.

Tsohuwa ta koma ta yi ta zagaye. Tela ya ce mutumin ya tsaya, ya zauna a inuwa, yana bin su da kai kamar mai kallon ƙwallo. Can ya ce malamar asibiti ta fara neman leda saboda juwa, kuma in aka ci gaba a haka shi ma wuyansa sai an kai shi garejin Bakanike. Kyaftin ya ce a kai shi, ko a canza masa baki gaba ɗaya. Malama tana ta magana da masu bin ƙasa: ku yi dama, ku bi ƙarar, jirgin na bisa kansa daidai. Yayan ya matso har gwiwarsa na taɓa teburin. Ta tura masa kofin shayinta da ya huce, ya shanye bai sani ba.

Rana ta take tsaka lokacin da muryar wani daga ƙasa ta shigo, yana haki. Sun same shi. Ƙafarsa ta kumbura, leɓɓansa sun tsage, yana tambayar ko an ga babur ɗinsa.

"Tsohuwa, Gida ce," in ji Malama. "An karɓe shi. Ku dawo."

Kyaftin bai tambayi gajeriya ko doguwa ba. Ya ce, "Muna hanya."

Sun shigo ta kudu, kai tsaye. Bakanike ya sa katako a tayoyin, ya leƙa agogon, ya jawo tamfol ya lulluɓe injin ya ɗaure. Yayan mai zumar ya bi kowa yana riƙe hannu, ya zo gaban Malama ya ce zai kawo zuma. Ta ce ya yi sauri ya riga su isa asibiti.

Tela ya same ta tana naɗe wayar rediyo. Ya tsaya yana murza wuya.

"Da muka hau sama za mu juyo, na hango shi."

"Tsaunin?"

"Daga nesa. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya."

"Ka ga wani abu?"

"Malama, da nisa."

"Na sani. Tambaya na yi."

"Akwai wani farin zane da ya sauko ta gefen hagu. Hanyar ruwa ce, ina ji. Ba zan ce miki wani abu ne ba."

"Kada ka ce." Ta rataye wayar a ƙusa. "Gefen hagu in kana fuskantar ina?"

Ya nuna mata a taswira da ɗan yatsa. Ba ta sa alama ba. Ta dai duba wurin sosai.

Iska ta taso tana hanyar gida, tana kwasar leda da ganye a titi. Masu shaguna na ta shigar da kaya. Kafin ta kai ƙofa yayyafi ya fara, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi.

Mama na zaune a kujerarta kusa da taga, an buɗe labulen gefe guda kamar kullum, ƙafafunta a kan matashi.

"Kin dawo."

"Na dawo, Mama. Ya ƙafar?"

"Tana nan. Kwana uku ina jin tashin jirgin, ban ji ya bi ta nan ba."

"Ba su bi ba. Wani aka nema a kudu."

"An same shi?"

"An same shi."

"Da rai?"

"Da rai."

Mama ta gyaɗa kai a hankali. Ruwan ya ƙaru, yana buga kwanon rufi.

"Babba ne ko yaro?"

"Saurayi. Mai zuma."

"Uwarsa na nan?"

"Ban tambaya ba. Yayansa ne ya zo."

"Ai da kin tambaya." Ta gyara zaninta. "Gobe za su tashi?"

Malama ta cire takalmi, ta jera su a bakin ƙofa.

"Za a sauke injin, Mama. Sai bayan damina."

Mama ta daɗe tana kallon ruwan.

"To," ta ce. "Abincinki na kicin, sai kin ɗumama. Ki bar tagar a buɗe."